Jinin da Na Hana a Ɗiba

Zan faɗa muku abin da na yi wa Ramadan, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya a ciki ba. In kun gama karantawa kuka ga na cancanci zagi, ku zage ni, ai na riga ku.

Sunana Lailatu, 'yar Baba Wanzam ta Nima. Duk wanda ya taɓa yin aski ko ƙaho a unguwarmu ya san zaurenmu, da tabarmar kaba, da zabirar Baba rataye a ƙusa. Ramadan kuwa saurayina ne tun kafin a kwashe su zuwa yaƙin Bama. Ya tafi da faɗin ƙirjinsa, ya dawo a 1946 da igiya biyu a hannun riga, ana kiransa Kofur, amma kamar an wanke shi an shanya. Ya rame, gemunsa ya zube saura tsilli-tsilli, muryarsa ta sirance. In ya zo zance da la'asar sai ya zauna a benci yana hamma, hira ba ta je ko'ina ba ya ce ya gaji. An ce mana ɓarɓashin bam ne ya same shi a cinya. Daga baya na gane don kunya ake cewa cinya, raunin ya fi nan sama kaɗan.

Ga gaskiyata ta farko: a lokacin hankalina kwance yake. 'Yan matan bakin famfo ko kallonsa ba sa yi, in ya wuce sai dai su ce Allah sarki. Nawa ne ni kaɗai, babu mai taya ni so, kuma hakan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

A gida ne babu daɗi. Mma, mahaifiyata, kullum muna daka tana jefo magana.

"Wannan Kofur naki, aure zai yi ko jinya?"

Baba ba mai yawan magana ba ne, Hausarsa ta Kano ce tsaf, kuma sau ɗaya yake faɗa. Ya ce ya ba Ramadan zuwa Sallar Layya. In ya miƙe ya zama mutum ya kawo sadaki, to, in kuma bai miƙe ba, zai ce masa ya daina zuwa zaurensa.

Ana cikin haka Ramadan ya fara zuwa unguwar Adabraka duk Talata da Juma'a, wurin wani likita ɗan Siriya. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Wata uku kawai, jama'a. Gemu ya dawo baƙi wuluk, har Baba yana yi masa gyaran fuska sau biyu a mako. Rigar kakinsa da take yi masa yawa ta koma tana ɗame masa kafaɗu. Kwanon tuwon da nake aika masa, wanda da yake dawowa da saura, ya koma dawowa a lashe. Ranar da ya yi sallama a ƙofar zaure da wata murya mai kauri, Mma ta fito da mayafi tana zaton baƙo ne. Fuskarsa ta riƙa yin maiƙo, ƙuraje suka feso masa a wuya, zufa ba ta barinsa, kuma ya koyi saurin fushi. Duk wannan ban damu ba, don ya yi kyau, ya yi kyau har ya ba ni haushi.

Sai bakin famfo ya canza. Waɗanda suke cewa Allah sarki suka koma gyara ɗaurin ɗankwali in sun hango shi. Wata har tulunta ta bari ya cika yana ambaliya tana binsa da ido. Na tsaya a layi ina jin kamar in fasa mata tulun a ka. Wai ni na yi jinyar abu shekara guda, yanzu ya nuna kowa na miƙo hannu.

Mulikatu ce ta kawo mini abin da ya ƙarasa ni. Ƙawata ce, tana tallan atamfa daga kasuwar Makola gida-gida, kuma babu ƙofar da ba ta leƙawa. Ta sauke ƙunshinta a tsakar gidanmu, ta duba Mma ba ta kusa, ta ja ni bayan rumfar girki.

"Ka zauna nan kana daka, wani awula yana can yana kwasa jinin mijin ka paa."

"Wace awula?" na ce, don haka mutanen gari suke kiran mace 'yar gayu.

"Sista na dokita. Zelia. Ɗan gidan Tabon ne, mutanen Jamestown da kakan su ya dawo daga Birazil. Na kai mashi atamfa, na gani da ido na. Ya ja labule, Kofur ya kwanta, ya ɗaura mashi igiya a hannu, jini yana zuba cikin kwalaba. Kwalaba ya cika, ya ɗauka ya shiga ciki da shi. Kuma suna dariya."

Ku da ba 'ya'yan wanzamai ba ne ba za ku gane abin da na ji ba. A gidanmu jinin mutum ba abin wasa ba ne. In Baba ya yi wa mutum ƙaho, da hannunsa yake haƙa rami a bayan zaure ya binne jinin, haka ma gashin aski, kuma mai jinin yana tsaye yana gani. Ko Mma ba ta taɓa ɗaukar ƙoƙon ba. Tun ina ƙarama nake jin cewa duk macen da ta mallaki jinin namiji ta mallake shi, sai yadda ta yi da shi. To ga wata tana ɗiban na Ramadan kwalba guda, ba cokali ba, tana shigewa ɗaki da shi.

Ranar Juma'a na ci kwalliya. Na ɗaura sabuwar atamfata mai ruwan goro, na zizara kwalli, na saka awarwaron Mma ba da saninta ba, na ce za ni Makola sayen zare. Na sauka Adabraka na nemi gidan, bene ne mai fentin ruwan ƙwai, ƙasan duk warin magani. Ina shiga na gan ta, kuma ban buƙaci a nuna mini ba. Doguwa, fatarta kamar an shafa mata man gyaɗa, farar riga gugaggiya ba ko lanƙwasa, 'yar hula a kan kitso, da ƙaramin agogo maƙale a ƙirji. Na so in same ta da wani aibi, ko haƙori ɗaya a karkace, ban samu ba.

Ta dube ni ta yi murmushi.

"Kai ne Lailatu? Kofur yana maganan ka kullum."

Sunana a bakinta ya fi komai ƙona mini rai. Wato har hirata suke yi a bayan labule.

"Me kike yi da jininsa?"

Murmushin ya ɗauke. "Awula, maganan mara lafiya ni ba na faɗi. Ka tambaya shi da kan ka."

"Ke nake tambaya."

"Ni ma na ba ka amsa." Ta juya ta kira mai bi a layi, kamar ni kujera ce.

Na dawo gida ina huci. Washegari da la'asar Ramadan ya zo, Baba ya tafi askin suna, zaure ya zama namu. Ko ruwa ban ba shi ba na zazzage masa komai. Ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido. Zamansa da sojojin Najeriya a Bama ya miƙar masa da Hausa, kuma in zai faɗi abu mai nauyi a hankali yake faɗa.

"Laila, akwai wani ruwa da jikin namiji yake yi da kansa. Shi yake fito da gemu, shi yake ba da murya da ƙarfi. Wurin da yake yin sa a jikina, Bama ta cinye. Dokita yana da irinsa a 'yan kwalabe, testostiron suke ce masa, shi ake yi mini allura da shi. Amma yana da hali ɗaya. Yana sa jini ya yi yawa, ya yi kauri. Shi ya sa duk bayan 'yan makonni Sista take rage mini."

Da mai hankali ce ni, da a nan na yi kuka na riƙe masa sirrinsa. Mutum ya buɗe mini abin da ko uwarsa bai faɗa wa ba. Amma ni abu ɗaya kawai kunnena ya ɗauka, cewa Zelia ta riga ni sanin wannan sirrin, kuma ta ga wurin da ni ban gani ba.

"Ina take kai jinin?"

"Zubarwa take yi."

"Ka gani da idonka?"

Ya kawar da kai. Na ci gaba:

"In rage jini ne, ubana wanzami ne. Shekara talatin yana rage wa mutane jini, kuma a gabansu yake binnewa."

"Ba iri ɗaya ba ne, Laila."

"To zaɓi. Ko ni, ko kwalbarta."

Na shiga ɗakin Baba na ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa na ajiye a gabansa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, jijiyar goshinsa ta tashi, na zaci zai tashi ya tafi. Sai ya fita ya yi alwala, ya dawo ya dafa, ya rantse cewa babu wanda zai ƙara ɗibar jininsa a Adabraka sai in ni na yarda. Da ya gama ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa:

"Allurar fa? Ita ma in bari?"

Ga gaskiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Na kalli gemun nan, na kalli kafaɗun, na tuna wa'adin Baba na Sallar Layya. Na ce, "Ita ka ci gaba." Ina son abin da allurar take ba ni, matar ce kawai ba na so.

Likitan ya ƙi. Ya ce in babu rage jini, babu allura. Sai Ramadan ya samo wani tsohon diresan soja, mai ɗaurin ciwo, a unguwar Mamobi, wanda ya iya tsira allura kuma yake samo kwalaben ta hanyarsa. Shi wannan ba ruwansa da awo. Da ya ji biki ya matso ma sai ya ƙara masa, wai don ango ya shiga da ƙarfinsa. Ni kuwa na yi ta murna, Talata da Juma'a sun daina ɓata mini rai.

Muna da hanyar aike tsakaninmu. In na aika masa tuwo, sai ya naɗe 'yar takarda da ajami ya saka a ƙarƙashin murfin kwanon in za a dawo da shi. Da, waƙoƙi yake rubuto mini da zolaya. A mako na huɗu takardar ta ce: "Kaina yana sarawa tun safe. Miyarki ta yi daɗi." A na shida: "In na yi wanka jikina ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero. Abokan ɗakina sun ce minsharina ya hana su sakat." A na bakwai: "Kunnena yana ƙara. Kada ki faɗa wa Baba."

Ni ma ina gani da idona. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, leɓɓansa da tafin hannunsa sun yi duhu, in ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Na ce wa kaina zafin gari ne. Na ce ai asirin Zelia ne yake fita daga jikinsa, dole ya ji jiki.

Sau biyu Mulikatu tana kawo mini wasiƙa daga Adabraka, an yi rubutu a baya da shuɗin tawada.

"Sista ya ce a ba Kofur hannu da hannu. Ya ce magana na lafiya ne, ba wasa ba kuraa."

"Kawo, zan ba shi."

Ban iya karatun boko ba, kuma ban nemi mai karanta mini ba. Na shinshina takardar, warin maganin gidan nan ne, na tura ta ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta biyun ma haka na yi mata, har ina gyara itace don ta ci da kyau.

Saura kwana takwas a kawo sadaki, ranar wata Laraba da hantsi, Ramadan ya shigo zaurenmu yana ɗingishi. Baba ya dube shi sau ɗaya ya ce ya cire riga. Ina tsaye a bayan asabarin ƙofar tsakar gida da ƙoƙon ruwan ɗumi, don ni nake miƙa wa Baba kaya in yana aiki. Ya kafa masa ƙaho huɗu a baya, ya zuƙa, ya toshe bakin da danƙo. Da fata ta taso ya cire ya yi tsaga da aska, ya mayar. Aka jira. Baba ya cire na farko ya karkata shi a ƙoƙo, babu abin da ya zubo. Sai da ya girgiza, sannan wani abu baƙi ya faɗo a dunƙule, kamar kunun da ya kwana.

Baba ya daɗe yana kallon ƙoƙon.

"Kofur, tun ina yaro nake bin mahaifina da zabira, ban taɓa ganin jini irin wannan a jikin mai tafiya da ƙafarsa ba. Me ya sami ƙafar?"

Ramadan ya ja wandonsa sama. Ƙaurinsa na hagu ya kumbura ya kusa ninka na dama, yana sheƙi. Baba ya ɗora bayan hannu a kai ya ce da zafi.

"Wannan ba aikin ƙaho ba ne. Ƙaho na fata yake ja, wannan kuwa yana can cikin jijiya. Wa ya san jininka? Wa yake duba ka?"

"Akwai, Baba. Amma na rantse ba zan koma ba."

"Wa ya rantsar da kai?"

Ramadan ya sunkuyar da kai. Ko ƙofar da nake bai kalla ba, kuma wannan rufin asirin da ya yi mini shi ya karya ni. Na ɗaga asabarin na shigo na durƙusa.

"Ni ce, Baba."

Na faɗi komai, da kwalbar, da Alƙur'anin, da diresan Mamobi, har da wasiƙu biyun da na ƙona. A nan ne Ramadan ya ɗago ya dube ni, don wannan bai sani ba. Baba bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi.

"Da sana'ata kika yi masa tarko, Lailatu? Ni na koya miki binne jini, ban koya miki hana mai ciwo magani ba. Sake shi daga rantsuwar."

"Na sake ka, Kofur. Na yarda."

"To tashi. Ke kika kori Sistar nan, ke za ki je ki ɗauko ta."

Ko zanen da nake girki da shi ban canza ba. Na ja mayafin Mma daga igiya, na yi abin da zan yi a gurguje, na fita. Babu kwalli, babu awarwaro, ƙafata duk toka. Na sami motar kaya mai zuwa gari na maƙale a baya, na sauka na ƙarasa da gudu.

Zelia tana wanke almakashi a wani farin kwano lokacin da na faɗo ciki. Likitan baya nan, wai ya tafi duba wani a bakin teku. Na shirya za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Ta dai dubi ƙafafuna, ta goge hannu.

"Kofur ne?"

Na gyaɗa kai.

"Sati nawa ba a cire mashi jini ba?"

"Tara."

"Allura fa, ya bari?"

"Bai bari ba. An ma ƙara masa."

Ta rufe ido kaɗan. "Takarda na biyu, ya samu?"

"Na ƙona su."

Ta jawo baƙar jaka ta fara zuba kaya, igiyar roba, allurai, da kwalbar nan da na tsana. Ta rubuta wa likita 'yar takarda ta danne da kwalbar tawada. Tana yi tana tambaya, ni kuma ina amsawa kamar ɗaliba. Yana numfashi daidai? Ƙirji yana masa ciwo? Ya yi tari? Na ce a'a, kai ne da idanu, sai ƙafar hagu da ta kumbura tana zafi.

Hannunta ya tsaya a kan jakar.

"Ƙafa ya kumbura? Ɗaya kawai?"

"Ɗaya."

Ta kama wuyan hannuna ta ja ni waje, tana magana muna sauka matakala. "Ka ji ni da kyau, awula. Jini ya daskare cikin jijiya na ƙafan. In ya zauna wurin, za mu iya da shi. Amma kowa kar ya taɓa. Kar ya taka ƙasa, kar a matsa, kar a murza. In an murza, gudan jinin zai tashi ya tafi ƙirji, kuma in ya je can ni da dokita duka ba mu iya komai."

Na tsaya cak a bakin titi.

"Mene ne?" in ji ta.

Kafin in fito daga gida, don in nuna wa Ramadan cewa na yi nadama, na koma ɗaki da gudu na ɗebo man kaɗanya mai kyau, wanda nake ɓoyo don bikina. Na ɗora shi a bakin murhu ya narke, na ce wa Mma in ya yi ɗumi ta miƙa wa Baba ya murza masa ƙafar sosai kafin in dawo.

Na faɗa mata. Ta dube ni daƙiƙa ɗaya, ta saki hannuna. Babu mota ko ɗaya a titin. Sai ta sunkuya ta cire fararen takalmanta ta riƙe su tare da jakar, ta tattare rigar nan da ba ta taɓa lanƙwasa ba, ta kama hanyar Nima da gudu. Ƙafafunta sun fi nawa tsawo, nan da nan ta ba ni rata.

Na bi bayanta ina haki, ina kuka, ina roƙon Allah da bakina ya sa wannan matar ta riga ni isa wurin Ramadan.